Lamba Arba'in da Bakwai

Da hannu take kwaɓa laka tana yaɓa wa bangon ƙofar gidanta lokacin da Ɗayyabu ya dawo daga ofis. Ya kashe babur ya tsaya yana kallon maƙwabciyar tasa. Rabin lambar da aka rubuta da jan fenti a bangon ya riga ya shige ƙarƙashin laka.

"Gwaggo Harira, me kike yi haka?"

"Abin da ka gani."

"Lambar gyara ce fa. Ni na cika miki fom, kin manta? Gidanki ne na arba'in da bakwai a cikin waɗanda za a gyara wa masu ƙaramin ƙarfi."

Ba ta waiwayo ba. "Kai ka yi boko, ni na ga jan fenti. Shi suka shafa muna a wancan gida. Sati uku sai ga katafila. Ko turmina ban ɗauka ba."

"Wancan rusau ne, Gwaggo. Wannan gyara."

"Fentin dai guda ne."

Shekararta tara a Unguwar Dosa. Daga Zamfara ta biyo ɗanta direba, ɗan ya rasu a kan hanya, gidansu na farko kuma rusau ya cinye. Wannan ɗaki ɗaya ne na ƙasa, da ɗan tsakar gida inda take suyar ƙuli-ƙuli. Bangon gabas ya tsage tun daminar bara, tsagar da hannun babba zai shige.

Ɗayyabu ya ƙyale ta. A ransa ya ce ai sunanta na cikin takarda, shi ma'aikacin gwamnati ne, ya san takarda ce ke magana.

Ranar Talata magina suka zo yana wurin aiki. Suka gyara na arba'in da shida, suka tsallaka zuwa na arba'in da takwas.

"Na faɗa musu," in ji matarsa Turai. "Suka ce ba su ga lamba ba. Na buga mata ƙofa har hannuna ya yi ciwo, ta yi shiru kamar ba kowa."

Washegari ya nemi izini a ofis ya tafi wurin hukumar da ta kawo shirin. Wani mai furfura ya saurare shi yana ɓare gyaɗa.

"Mun ba da kwangilar tafiyar da shi. Mu sa ido ne namu. Ka je wurin kamfanin, suna Mando."

Kamfanin ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. Wata matashiya ta duba kwamfuta.

"Arba'in da bakwai. An rubuta ba a samu gidan ba."

"Ba a samu ba? Daga gindinsa na taso."

"Yallaɓai, mu tantancewa muke yi. Masu fenti daban, magina kuma na wani ɗan kwangila ne. Magini bai san suna ba, bango yake karantawa."

"To in sayi fentin in rubuta da kaina."

"Sun riga sun bar layinku. Sai an sake tantancewa, bayan damina."

"Bangon nan ba zai ga bayan damina ba."

Ta ɗago ta dube shi sosai, sannan ta mai da ido kan kwamfutar. "Allah ya tsare," ta ce.

Ya sayo katako biyu a hanya ya tokare bangon. Ƙasar ta yi laushi, katakon yana nutsewa a ciki kamar a tuwo. Ya tsuguna a bakin ƙofarta.

"Gwaggo, don girman Allah ki dawo wurinmu. Turai ta share miki ɗakin yara. Wata biyu kacal."

"In fita su shigo? Gidan da ba kowa, shi ake fara turewa."

"Ba mai turewa. Wallahi ba mai turewa. Ruwa nake ji miki."

"Ruwa na Allah ne." Ta miƙo masa ƙuli-ƙuli a leda. "Ungo, kai wa matarka. Ta bar buga mini ƙofa kamar 'yar sanda, ta sa gabana faɗuwa."

Ya yi tunanin ya ciccibe ta da ƙarfi. Sa'ar mahaifiyarsa ce, hannunsa ya ƙi. Ya je ya sami liman da mai unguwa, suka ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za su zo su yi mata magana, ba za ta ƙi tasu ba.

Ana cikin huɗuba hadari ya haɗo. Kafin a tayar da salla ruwa ya kece, rufin masallacin na ƙara har ba a jin liman. Ɗayyabu bai san abin da aka karanta ba. Ana sallamewa ya fita cikin ruwan, takalmi a hannu.

Daga bakin layi ya hango mutane. Turai na tsaye ba mayafi, laka har gwiwarta.

"Ban ji wata ƙara ba," ta ce. "Kamar an sauke buhu."

Ƙofar ɗakin ta ƙi buɗuwa, sai ta inda bangon ya zube suka shiga, suna tono da hannu da kwano. Suka same ta a kan tabarma, tasbaha a wuyan hannunta. A bayan ƙofa ga turmin da ta sake saye, ta jingina shi ta danne ƙofar daga ciki.

Bayan la'asar aka kai ta. Liman ya dafa kafaɗar Ɗayyabu.

Da suka dawo daga maƙabarta ruwan ya ɗauke, kwata na ta gudu. Ɗayyabu ya tsaya a inda ya saba kashe babur. Bangon ƙofar gida yana nan tsaye, ko ɓantarewa bai yi ba. Ruwa ya wanke lakar da ta yaɓa, ta gangaro ta taru a gindinsa. Huɗu da bakwai sun fito jajur, kamar yau aka rubuta su.