Garin da Ke Cikin Daimon ɗin Baba

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma Ɗanlami mai walda ne ya jawo mini shi, ba wani ba.

Ni Tanimu, sana'ata yankan gilashi a bakin kasuwar Gusau, tagogi da madubai da gilashin kabad. Abin yankan da nake aiki da shi na mahaifina ne, Baba Jatau, Allah ya jiƙansa. Ƙota ce ta katako da gumi ya baƙanta, a bakinta an dasa wani ɗan dutse da bai kai ƙwayar gero ba. Baba ya ce daimon ne na gaske, lu'ulu'u, shekara arba'in yana faɗin haka. To jiya da la'asar, a teburin Mati mai shayi, Ɗanlami ya ɗaga shi a rana, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Tanimu, tsohon nan cutarsa aka yi. Fasasshiyar kwalba ce. Daimon na gaske in ka sauke masa guduma, gudumar ce za ta ji jiki." Majalisa ta kwashe da dariya. Ni kuma raina ya ɓaci, na miƙe na bugi ƙirji na ce gobe da safe, a gaban kowa, zan ɗora shi a kan ƙarfe in maka masa guduma, a ga ko ubana maƙaryaci ne. Har gudumar na aro na kai gida. Matata Lantana ta dube ni, ta dubi gudumar, ta ce, "Allah ya shirya," ta ci gaba da tankaɗenta.

Ina kwantawa sai ga ni da rana tsaka a bakin wani gari mai ganuwa fuska takwas, sumul, ana ganin cikinta tar. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama, don haka na ɗaure bakin wandona. A ƙofar gari akwai ofis, a ofis akwai tebur, a bayan tebur wani bunsuru ne da tabarau yana tauna takarda.

Na yi sallama. Ya amsa da cikakkiyar amsa, har da wa barakatuhu.

"Ranka ya daɗe, daimon ɗin Baba nake nema."

"A ƙofarsa kake tsaye. Wa kake karta, wa ke kartarka?"

"Sunana Tanimu ɗan..."

"Ba mu tambayar sunan uba a ofis ɗin nan. Wa kake karta?"

Na ce gilashi. Ya ce da farcena? Na ce a'a, da daimon. Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi, ya nuna mini wani tsani mai hawa goma a jingine da iska. A hawan ƙasa hodar kwalliya ce zaune tana kuka, kowa ya wuce sai ya karce ta. A tsakiya gilashi ne da wuƙa suna harara da juna. Hawa na goma yana can nesa, ya yi wa na tara nisa ƙwarai.

"Na can sama ba mai kartarsa sai ɗan'uwansa," in ji bunsuru. "Kai kuma kana hawa na biyu da rabi, kai da farcenka." Ya buga mini hatimi a goshi da kofato, ya ba ni fom na cika, ya cinye shi.

Na kama ganuwa zan hau, na zame. Ruwan ma zamewa yake yi, ko ɗigo bai jiƙa ta ba. Bunsuru ya ja tsaki, ya buɗe durowa ya ɗebo man shanu ya mulke ni tun daga kai har ƙafa. Ya ce garin nan ba ruwansa da ruwa, maiƙo kaɗai yake kamawa. Ya jefa ni. Na manne.

Sai ga ni a ciki.

Mutane ne iya ganinka, sama da ƙasa, gabas da yamma, babu daɓe babu rufi. Kowa yana riƙe da mutum huɗu, biyu da hannuwa, biyu da ƙafafu. In ka dubi mutum ɗaya za ka ga maƙwabci ɗaya a samansa, uku a ƙasa a baje kamar duwatsun murhu. In ka dubi na kusa da shi, shi ma haka. Ba wanda ya fi wani kusa, ba wanda ya matsa ko taƙi. Na gai da wata tsohuwa da ke rataye daidai fuskata, na tambayi sunanta.

"Gawayi," ta ce.

"Wannan fa?"

"Gawayi."

"Wancan mai gemun?"

"Alhaji Gawayi."

Na ce, "Iya, gawayi dai na murhu, wanda Lantana ke dafa wake da shi?"

"Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Su dai ba su sha matsi ba ne. Mu can ƙarƙashin ƙasa aka kai mu, inda zafi ke narka dutse, aka danne mu fiye da motar Ƙaura ranar kasuwa. Da muka ga abin ba na ƙare ba ne, kowa ya kama na kusa da shi. Ba mu sake ba har yau."

"Tun yaushe ke nan?"

"Lokacin dutsen Kwatarkwashi bai ma yi tunanin tsirowa ba."

"To in hancinki ya yi ƙaiƙayi fa?"

"Sai in gaya wa na kusa, ya gaya wa na kusa, har a sami mai cewa sannu."

Ban gama jinjina wannan ba sai ga Mati mai shayi a kan keke, yana tuƙi a kife, kansa a ƙasa. Ya miƙo mini kofi yana tururi. Gindin kofin ya ɗan gogi kafaɗar tsohuwa. Na ji an ce "zafi" a gefena, "zafi" a gaba, "zafi" a can ƙarshen gari, duk kafin in ƙifta ido. Na kai kofin baki, shayi ya yi sanyi ƙalau.

Na ce, "Haba Mati!"

Ya ce, "Ba ruwana. Zafi ba ya zama a garin nan, miƙa shi suke yi." Ya karɓi kofinsa ya yi gaba.

Nan na tuna Baba. In wani ya yi masa gardama, yakan bar abin yankan a inuwa, sannan ya ɗora bakinsa a leɓe ya ce, "Ji sanyi." Ni a lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce.

Can sai aka yi baƙo. Haske ne, cikin farar babbar riga, ya shigo a guje kamar wanda aka aika kiran ungozoma. Mutanen gari suka tare shi da gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina labarin rana, yaya aka baro su wata. Bawan Allah gudunsa ya ragu bai kai rabi ba, ya karkace hanya, ya bugi ganuwa ya dawo, ya sake bugun wata. Da ya samu ya fita ta ɗaya ƙofar, mutum bakwai ne suka fita, wani da jar riga, wani koriya, wani shuɗiya, suna gardamar wane ne asalin baƙon.

Tsohuwa ta ce in leƙa ƙasa in ga danginsu na Unguwar Fensir. Na leƙa. Su ma duk Gawayi ne, amma kowa mutum uku ya riƙe, suna kwance shimfiɗa a kan shimfiɗa kamar tabarmin dillali. Wata takarda ta zo ta goge su, shimfiɗa guda ta zame da mutanenta gaba ɗaya, suna ɗaga wa na baya hannu.

"Ina za su?"

"Sun tafi zama lissafin wani," ta ce. "Riƙo ɗaya suka sake, ka ga abin da ya jawo musu."

Daɗi ya kama ni. Na ce alhamdu lillahi, ashe ubana bai yi ƙarya ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "To ai shi ke nan! Ku da kuke haka, me guduma za ta yi muku?"

Alhaji Gawayi ya fara salati a hankali.

Bunsuru ya ɓullo ta cikin aljihuna da fayil a baki. Ya ce, "Wa ya ambaci guduma?" Duk garin, da yake ba mai hannun nunawa, suka nuna ni da leɓe. Ya ce in biyo shi.

Ya kai ni wani layi da ya ratsa garin daga ganuwa zuwa ganuwa, miƙaƙƙe, ko rula albarka. Mutanen gefen nan da na gefen can suna riƙe da juna, amma hannuwan da suka tsallaka layin ba su da yawa, kuma duk sun miƙe ta fuska ɗaya. A tsakiyar layin, da 'yar hularsa ta saƙi da goro a kunci, Baba ne.

Shekara shida rabona da fuskar nan.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Riƙo nake, ba ka gani? Kai kuma wa ya shafe ka da man shanu?"

Na ce dogon labari ne. Na gaya masa abin da Ɗanlami ya ce, da abin da na ce, da gudumar da ke bakin ƙofa. Ya tauna goronsa ya daɗe.

"Ɗanlami na gidan Hajo? Wanda ya yi wa ƙofar gidansu walda yana ciki, sai ta katanga aka fito da shi?"

"Shi, Baba."

"Shi ne malaminka yanzu. Madalla." Ya tofar da goro, goron ya tashi sama. "Tanimu, shekararka nawa kana yankan gilashi?"

"Ashirin da biyu."

"Katako yana kartar gilashi?"

"A'a."

"Gilashi yana kartar katako?"

"Ƙwarai."

"To saki duka biyun a kan siminti. Wa za ka share da tsintsiya?"

Na yi shiru. Bunsuru ya rubuta shirun a fayil.

"Garin nan ba mai kartarsa," in ji Baba. "Ka goga shi a gilashi shekara ɗari, gilashi ne zai rabu. Amma duka daban ne. Ka ga layin nan? Irinsa huɗu ne a garin. In duka ya faɗo daidai kansa, ba lanƙwasa za mu yi ba, ba mu iya ba. Rabuwa za mu yi, fuska sumul, rabi nan rabi can. Sai Ɗanlami ya ce ka gani, kwalba ce. Ka rasa daimon, ka rasa gardama, ni kuma in tabbata maƙaryaci a teburin mai shayi, da hannun ɗana."

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri sai ruwan ya tsaya cak a iska. Bunsuru ya duba agogon da ke ɗaure a ƙahonsa, ya ce, "Ƙarfe takwas. Ofis ya tashi." Ya shige cikin fayil ɗinsa ya rufe.

Sama ta buɗe. Ga teburin Mati, ƙato, ga fuskokin 'yan majalisa kowace ta kai girman unguwa. Ga guduma tana saukowa a hankali, a hankali. Hannun da ke riƙe da ita yana da tabo a babban yatsa, inda madubin wata amarya ya yanke ni shekarar da na fara aiki.

"Kama nan," in ji Baba. "Hannuna ya gaji."

Na kama. Tafinsa na nan yadda na san shi, kaushi, da ƙanshin kananzir ɗin da yake tsoma abin yanka a ciki. Na ɗaga kai na kwarma ihu, "Kai Tanimu! Kai mahaukaci! Ubanka na ciki!" Amma ƙaton Tanimu ko kallon abin da zai daka ba ya yi. Ɗanlami yake kallo ta wutsiyar ido, yana son ya tabbata ana ganinsa. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin wannan ƙaton ba. Duk garin suka ɗauki salati. Yatsun Baba suka fara zamewa daga nawa, ga man shanu, na ƙanƙame, na ƙanƙame.

Ƙwas!

Na zabura na faɗo daga gado. Ƙwas! Ƙwas! Gari ya waye, rana har ta shigo ɗaki. Na rarumi rigata a ƙusa, na laluba aljihu ina neman abin yankan. Yana nan. Na ɗora bakinsa a leɓena, na ji ɗan sanyin nan, ƙotar kuma tana ƙanshin kananzir. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na fito tsakar gida, Lantana ce tsugune gaban murhu tana farfasa gawayi da gudumar aro.

"Ka tashi, sarkin alwashi? Ga gudumarka, saura dunƙule biyu."

Na ce, "Riƙe ta, ta sami aikinta. Amma ki bi su a hankali, ina da sanayya da danginsu."

Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Ni kuwa na zagaya bayan ɗaki na tsinci fasasshiyar kwalba, na haɗa da ragowar gilashin taga na naɗe a tsumma. Zan kai wa Ɗanlami a gaban majalisa, ya ɗauki kwalbar ya yanka mini gilashin da ita.