Harufa Masu Ƙiba

"Ja da baya, Mbak Tini. Ƙara. Yauwa, ɗaga shi sama."

Ina tsaye tsakiyar lungu riƙe da kwalin da aka yi wa rubutu da fenti, taliyar da nake sayarwa tana can tana narkewa a tukunya, shi kuwa Pak Sutarjo yana zaune ƙofar gidansa yana ba ni oda kamar ɗan sanda. Ya juya wajen matarsa.

"Bu, me aka rubuta?"

Bu Sarinem ta ƙanƙance idanunta da yanar ido ta fara rufewa. "Kifi. Kai dai ba ka ji. Mutum yana tari kamar zai shiɗe, yana wasa da fenti."

"Taku nawa, Mbak?"

"Goma sha biyu," na ce. Ya rubuta a tafin hannunsa.

Shekara arba'in, duk wani allon shago a unguwarmu ta birnin Semarang aikin hannunsa ne. Harufansa masu ƙiba ne, zagayayyu, ba ƙaho ba jela, kamar jariran da suka ƙoshi da nono. Yakan ce, "Harafi ba amarya ba ne da za a yi masa kwalliya. In mai babur ya karanta cikin ruwan sama, aiki ya yi." Daga baya injin buga rubutu ya zo da allunan leda, aka daina nemansa. Ni dai har yau ina kewar warin fentin nan da safe.

Saura mako guda ya rasu ya miƙo mini wani katako naɗe cikin tsohon zani.

"Ɓoye wannan. Wiratmo zai zo da nasa, kada ki yi masa gardama. Ɗana ne, yana son a ce ya yi."

Ya cika ranar Talata bayan azahar, burushinsa na jiƙe cikin gwangwanin kananzir.

Wiratmo kuwa ya zo daga Jakarta da baƙin dutse mai sheƙi na kafawa a kan kabari, an zana sunan da ruwan zinare, siriri, sai lanƙwashe-lanƙwashe. Kowa ya yaba.

Ranar Alhamis da la'asar na raka Bu Sarinem maƙabarta. Ta ƙi in riƙe ta.

"Mijina ne, na san inda yake."

Ina kallo ta durƙusa ta zuba furen wardi da ruwa a kabarin wani mutum daban. Da na gaya mata, sai ta zauna a ƙasa.

"Shekara hamsin, Tini. Yau na kasa gane shi."

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Ina komawa gida na kwance zanin. Allo ne ruwan ɗorawa, an rubuta SUTARJO da baƙin fenti, ko kwanan wata babu. Mai gadin maƙabarta ya kafa shi gefen dutsen.

Wiratmo ya bugo waya. "Haba Mbak, kabarin mahaifina ne ko shagon taliya?"

"Zo ka tambayi uwarka," na ce.

Alhamis ta zagayo. Wannan karon ta bari na riƙe ta. Muna cikin tafiya tsakanin kaburbura ta tsaya cak, ta zare hannunta daga nawa, ta gyara mayafi.

"Ga shi can, da ƙaton rubutunsa."

Ta nufe shi ita kaɗai da kwandon furenta. Na tsaya a baya ina ƙirga takunta, har goma sha biyu.