Madarar Maɗaba'a

A shekarun da kuɗin fetur suka cika gari, maɗaba'ar bayan Ƙofar Kaura ba ta hutawa. Kullum manaja kan ba kowane ma'aikaci gwangwanin madara, wai tana wanke hayaƙin darma daga ƙirji. Istifanus, mai narka darmar da ake ƙera haruffa da ita, bai taɓa shan tasa ba. Aljihu yake sakawa ya kai wa 'yarsa Ladi, wadda ta rame tun da aka yaye ta.

Da tari ya kwantar da shi a asibiti, kansa ya ɗora wa laifi. Ana nan sai aka kawo abokin aikinsa Mamman gadon kusa, yana tari kamar ƙirjin zai tsage.

"Malam Mamman, kai ma ba ka shan taka?"

"Ni? Wallahi har ruwa nika zubawa in ɗauraye gwangwanin in shanye!"

Istifanus ya rasa ko sanyi zai ji ko tsoro. Da matarsa Rifkatu ta zo dubiya da Ladi, ta tambaye shi ko zai koma aikin in ya warke, ya daɗe yana kallon kumatun Ladi da suka ciko.

"Ban sani ba," ya ce. "To, madararta fa?"