Kifayen Maman Eniola

A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka yi wa Ademola canjin wurin aiki daga Bagudo zuwa Birnin Kebbi. Malamin asibiti ne. Shi da matarsa Iyabo, wadda kowa ke kira Maman Eniola, sun daɗe suna haya a gidan da ke jikin na Inna Kubura. Iyabo tela ce. Kubura kuwa mijinta ya rasu, tana tuyar masa a ƙofar gida, tana zaune da ɗanta Lauwali da matarsa Atika. Duk 'ya'yan Iyabo a bayan Kubura suka yi wayo.

A ɗakin Iyabo akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da jajayen kifaye uku na ado a ciki. Wani mai kawo mata atamfa daga ƙasar Benin ne ya ƙetaro mata da su. Kubura takan shigo bayan ta tashi daga tuya, ta zauna tana kallonsu, tana tsokanar Iyabo cewa ba ta taɓa ganin mai kiwon kifin da ba za a ci ba.

Da tafiya ta zo, ɗaki guda Ademola ya samu a Birnin Kebbi, don garin ya cika da ma'aikata. Sai Iyabo ta sa aka kai akwatin ɗakin Kubura.

"Inna, ki riƙe mini su har mu samu gida," in ji ta. Ta miƙa mata gwangwanin abincinsu. "Ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ruwan kuma kada a zubar duka. Ki ɗebe kaɗan, ki ƙara na rijiya wanda ya kwana."

"Na ji, ɗiyata. Tahi lahiya."

Mota na jira a waje, Iyabo ta fita.

Da farko Kubura ta bi ƙa'ida. Amma duk lokacin da ta matso, kifayen sai su taso suna buɗe baki, ita kuma ba ta iya kallon mai jin yunwa. Ta fara ƙara musu. Da gwangwanin ya ƙare, ta koma marmasa musu masa da dusa. Ruwan ya fara yin fari kamar an dama kamu, ɗakin ya ɗauki wani ɗan wari.

Wata safiya ta tarar da su duka a saman ruwa suna haki. Babban cikinsu ya karkace gefe guda, yana juyi da ƙyar.

"Atika, zo ki gani. Mi ya same su?"

Atika ta leƙa. "Inna, ruwan ya yi dauɗa. Bari Lauwali ya dawo daga ƙauyen Kurgu a aika a tambayi Maman Eniola."

"Kahin nan sun mutu. Amana ce."

Kubura ta kwashe kifayen a kwano. Ta zubar da ruwan gaba ɗaya, ta dirje gilashin da soso da garin sabulu, har tsakuwar ƙasan ta wanke. Ta cika shi da ruwan randa mai sanyi, wanda ta sa wa alam jiya don dattinsa ya kwanta. Akwatin ya yi tas, bai taɓa kyau haka ba. Da ta mayar da kifayen, suka yi ta zabura suna bugun gilashi, ita kuwa ta ɗauka murna ce. Kafin la'asar babu mai motsi a cikinsu.

Ta haƙa rami a gindin dogonyaro ta binne su. Akwatin ta tura shi ƙarƙashin gado.

Bayan an yi girbi, Lauwali ya dawo daga tasha da labari. Ya haɗu da wani direba da ya ce Maman Eniola za ta zo gobe. Da gari ya waye Kubura ta ɗaure ƙunshinta, ta ce za ta Zagga duba ƙanwarta.

"Inna, ki tsaya ki gaya mata," in ji Atika. "Ba ta da faɗa."

"Da wane ido zan dube ta? Ta hwaɗa mani, ban ji ba."

Sai da ta kwana a Zagga ta dawo. Ta tarar da Atika na tankaɗe, ga turmin atamfa a kan gadonta, da riga ɗinkakkiya daidai ita.

"Ta wuni nan tana jiranki," in ji Atika. "Na gaya mata komai. Ta ce sabulu da sabon ruwa ne suka kashe su, kuma laifinta ne da ba ta zauna ta nuna miki ba. Ta ce ai ba don kifi ta zo ba, da ma ke za ta bar wa su. Baban Eniola ya ajiye aiki, gida za su koma, Ogbomosho. Sallama ta zo yi."

Kubura ta zauna bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ta yi hushi?"

"A'a. Kuka ta yi. Tana ta leƙa hanya har mai mota ya gaji."

Ranar kasuwa Lauwali ya raka ta Birnin Kebbi. Sun sha tambaya kafin suka gano gidan, a bayan wata makaranta. Matar da ta buɗe musu ƙofa ta ce Yarbawan nan sun tashi shekaranjiya, kuma ba su bar kwatance ba. Kubura ta tsaya a zaure riƙe da kwanon masar da ta toya musu da asuba. Can ta miƙa wa matar, ta ce ta ba yara, suka juya zuwa tasha.