Daƙiƙa Ashirin na Agogon Dela

Shahida ta haɗa wa mahaifinta manhajar waya da ke tuna masa shan magani da ƙarfe bakwai agogon GMT, wato takwas a Kazaure. Kwana uku yana mita.

"Wayar nan garaje gare ta. Kullum sai ta riga agogona."

Ta duba tsohon agogon hannunsa, tsarabar Makka daga marigayiya Dela, mahaifiyarta. Ashe shi ne ke baya da daƙiƙa ashirin. Har ta buɗe baki, sai ta fasa. Ta koma kwamfuta, gurbin daƙiƙa da ta saita a sifili ta mayar da shi ashirin.

Washegari ya yi murmushi. "Kin gani? Agogon Dela ba ya ƙarya."

"Haka ne, Baba."