Tagar Gidan Tranter

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Ludcombe, ba a rasa baƙo tsaye a Titin Tumaki yana ɗaukar hoton gidan Cyril Tranter. Gida ne na baƙin katako da farin bango, ya karkace ya jingina da na maƙwabta, benensa ya leƙo kan titi kamar mai gulma. Baƙi su yi ta cewa kai, wannan gida ya haɗu. Da ma mana, tunda a cikinsu babu wanda ya taɓa gwada shigar da kujera ta ƙofarsa.

A gidan aka haifi Cyril, nan ya kawo Beryl tana amarya, nan kuma ta yanke jiki ta faɗi farkon sanyi, ɓarin jikinta ya shanye. Da ƙyar aka fitar da ita, a naɗe cikin bargo. Yanzu likitoci sun ce ta samu iya sauƙin da za ta samu. Idan gadon asibiti da keken guragu za su shiga gidan, a sallame ta. Idan ba za su shiga ba, sai gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari.

Ƙofar kuwa 'yar ƙarama ce, bayanta lungu mai lanƙwasa, gidan kuma ya ba katangar maƙabartar coci baya, babu wata hanya. Cyril ya je hukumar gari neman izinin faɗaɗa ta. Ma'aikaciyar da aka turo ta shafa katakon, ta ce gida ne mai tsohon tarihi, sai an zauna an duba, kuma zaman yakan ɗauki watanni. Ba muguwa ba ce, har idonta ya kawo ruwa. Amma dai ƙofar tana nan yadda take.

Dot mai cuku ce ta tare shi a ƙarƙashin tsohuwar rumfar kasuwa.

"Cyril, kana ta wahalar da ƙafarka. Tagar fa?"

"Wace taga?"

"Kar ka raina min hankali. Ka san wadda nake nufi."

"Ki ji da cukunki, Dot," ya ce, ya wuce ko juyowa bai yi ba.

Ya sani sarai. Babbar tagar falon ƙasa ba a kafe take ba, turakun katako ne ke riƙe da ita. Haka magabata suka yi gidajen titin, don akwatin gawa ba ya iya juyawa a lungu. Ta nan aka fitar da mahaifinsa, ta nan aka fitar da mahaifiyarsa yana riƙe da gefen akwatin. Ba a taɓa cire ta don mai rai ba, kuma tunanin a ɗaga Beryl a kwance ta wannan wuri yana tsinka masa zuciya. Tsoro yake ji, tsoro tsantsa, ga shi ba mutumin da zai faɗa ba ne.

Da ya je dubiya, Beryl ta kafe shi da ido. Maganarta ta yi nauyi, amma bakin nan nata yana nan.

"Ka sake auna ƙofar?"

"Na auna."

"Ta ƙara faɗi?"

Ya murza hularsa.

"Dot ta zo jiya. Ka cire tagar, tsoho."

"Beryl, ta matattu ce."

"Su fita suka yi. Ni shiga zan yi." Ta numfasa. "An ce ɗakin da za a ba ni a can yana kallon wurin ajiye motoci. Ni titina nake so. Ina so in riƙa ganin Dot tana zuba wa baƙi ƙarya a kan cukunta."

Sai ya yarda, ba don tsoron ya tafi ba.

Aka sa Alhamis, don ranar ce ake samun ƙarti a kusa. Alwyn kafinta ya zo da guduma ya bubbuge turakun, suka fito suna ƙara, ƙura na zuba. Shi da mahauci suka rungumo tagar suka jingine ta a bango. Nan take kasuwa ta yi tsit daga wannan gefen. Tsoho Percy mai sayar da furanni ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Mai gidan burodi ta fito tana share hannu a jikin riga, ta kama Cyril tana cewa, "Wayyo, yaushe? Ba wanda ya gaya min!"

Aka fara shigar da gado, sannan keken. Motar asibiti ta ratso tsakanin rumfuna a hankali ta tsaya. Da aka sauko da Beryl a kan abin ɗaukar marasa lafiya, ta juya ido ta ga mutane jere, kawuna a ƙasa.

"Percy, mayar da hularka," ta ce. "Sanƙonka yana kashe min ido."

Dariya ta ɓarke har da masu hawaye. Hannuwa suka miƙo ta ko'ina, na mahauci, na Alwyn, na Dot mai warin cuku, aka ɗaga ta sama da dakalin tagar. Cyril yana daga ciki, shi ya karɓi wajen kanta.

Da aka kwantar da ita aka juya gadon yana kallon titi, Alwyn ya mayar da tagar, ya fara jera turakun. Beryl ta kira shi da murya ƙasa-ƙasa, a zatonta mijin yana ɗakin girki.

"Alwyn, ɗan nan, kar ka buga su da ƙarfi. Kar ku sha wahala nan gaba kaɗan."

Cyril yana bakin lungu riƙe da kofin shayinta. Ya ajiye kofin, ya zo ya karɓi gudumar daga hannun Alwyn. Ya shiga dukan turakun nan ɗaya bayan ɗaya, har sai da kansu ya nutse cikin katako.