Fankoki Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da uku Mai Kunne yana gyaran na'urori a ɗakin gwaje-gwaje, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Allon lantarki na cikin na'ura in ya fara lalacewa yakan yi wani siririn kuka kamar na sauro, shi kuwa sai ya kara kunne ya nuna wurin kafin wani ya gama warware wayar mita. To a wata biyu ya kuskure allo uku. Injiniya, shugabar ɗakin, ta ja shi gefe.

"Baba, shekaru ne, ba laifinka ba. Ƙarshen wata za mu mayar da kai sito."

Sito! Wurin jera ƙusoshi da korar gizo-gizo. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, amma ya haɗiye.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni kwana uku."

Ya san waɗanda yake zargi. Akwatunan ba da wuta ne, sababbi guda goma sha biyu da aka jera a kan tebura wata biyu da suka wuce, waɗanda ake ba allo wuta da su lokacin gwaji. Kowanne da fanka a bayansa, fankar kuma ba ta san hutu ba, ƙararta na danne kukan allo. Ga shi a ɗakin nan ba a kashe akwatin wuta. Tsofaffin akwatuna sai sun yi rabin awa suna ɗumama kafin awonsu ya daidaita, shi ya sa aka saba barin su a kunne. An canza akwatuna, hali kuwa zanen dutse. Mutum ya gama aiki sai ya danna maɓallin tsayar da wuta ya kama gabansa, wai shi ya kashe, alhali akwatin na nan a kunne.

Kwana ukun nan Mai Kunne bai zauna ba. Ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, yana sa mita tsakanin soket da akwati. Ya kashe wani har ya huce, ya kunna, ya zuba wa agogo ido.

Ranar da wa'adi ya cika ya tara ma'aikatan ɗakin.

"Wutar wat goma sha huɗu akwatin nan yake ci?" in ji Injiniya tana duban mitar. "Ba a haɗa masa komai ba fa."

"Ci ba aiki, ranki ya daɗe. Dukansu haka suke, dare da rana."

Dogo, mai teburin bakin taga, ya ce, "Baba, in an kashe awo zai rikice."

"Minti biyu yake daidaita. Ga agogo, gwada da kanka."

Dogo ya gwada, ya sosa ƙeya. Aka bi akwatunan ana kashewa ta baya. Da fanka ta ƙarshe ta tsaya, sai kowa ya sauke numfashi. Ashe wata biyu suna ɗaga murya ba su sani ba.

Injiniya ta ajiye masa allon da ya gagare shi. Ya haɗa shi da wani tsohon akwati marar fanka, ya sunkuya, ya kara kunnen hagu kamar yadda ya saba. Shiru. Ya ƙara matsawa. Shiru. A hankali ya juyo da kunnen dama, sai ga kukan, siriri, daga wani ƙaramin naɗin waya.

"Nan ne."

Dogo ya sa mita, ya ce haka ne. Injiniya ta yi murmushi. "Baba, a yafe mini. Kunnenka lafiya lau."

Ba wanda ya lura da juyin kunnen da Mai Kunne ya yi, da ya ga dama sai ya yi shiru.

"A'a, ranki ya daɗe, rabin maganarki gaskiya ce. Na hagu ya tafi." Ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Dogo, zo kama mini teburin nan mu juya shi. Na dama zai karɓi aiki."